Sata ko Ajiya? Abin da Ya Kamata Mutanen Gwarzo da Kabo Su Sani Game da Kuɗin Abacha

Duk wanda ya saba zaman majalisa a Gwarzo, ko teburin mai shayi a tashar Kabo, ko rumfar 'yan hatsi a kasuwar Getso, ya san akwai sunan da idan aka ambace shi hira ba ta mutuwa da wuri. Da zarar rediyo ta ce wata ƙasa ta sake dawo wa Najeriya da kuɗin Abacha, sai majalisa ta rabu biyu. Wani ya ce, “Ai bawan Allahn nan ba sata ya yi ba, ajiya ya yi mana, ga shi yanzu muna cin moriya.” Wani ya ce, “Wace irin ajiya ce sai da lauyoyi ake karɓo ta?” Kafin shayi ya huce an koma zancen PTF, da fetur na naira goma sha ɗaya, da dala ta naira ashirin da biyu. Mafi yawan matasan da suka fi ɗaga murya a wannan musu ba a haife su ba lokacin da abin ya faru. Abin da suka ji a bakin manya ko suka gani a Facebook shi suke maimaitawa.

Wannan magana ta shafe mu fiye da sauran 'yan Najeriya, shi ya sa na ga ya kamata a zauna a warware ta. Janar Sani Abacha Bakano ne. A Kano aka haife shi a 1943, a Kano kuma aka binne shi ranar da ya rasu, 8 ga Yuni 1998, bayan ya shafe shekara huɗu da rabi yana mulki tun daga 17 ga Nuwamba 1993. Mutumin da ya riƙe masa ofishin mai ba da shawara kan harkokin tsaro tsawon wannan lokaci kuwa ɗan garin Gwarzo ne, Alhaji Isma'ila Gwarzo, tsohon babban jami'in 'yan sanda, wanda shi ne shugaban farko na hukumar tsaron farin kaya ta SSS da aka kafa a 1986. Sunan garinmu yana cikin takardun kotu a Amurka da Turai. Wanda sunan garinsu ya shiga magana bai kamata ya zama shi ne na ƙarshen sanin abin da takardun suka ƙunsa ba.

Bari mu fara da abin da masoyan Abacha suke faɗa, domin akwai gaskiya a ciki, kuma rashin adalci ne a share ta. Gangar ɗanyen mai a zamaninsa ba ta cika wuce dala ashirin ba, a 1998 ma ta faɗo ƙasa da dala goma sha biyar. Duk da haka asusun ajiyar Najeriya na ƙasashen waje ya ƙaru har ya haura dala biliyan bakwai. Bai ciyo bashi daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya ba. Hauhawar farashi da ta kai kusan kashi 73 cikin ɗari a 1995 ta sauko ƙasa da kashi goma a 1997. A 1996 ya ƙirƙiro jihohi shida, cikinsu har da Zamfara da Gombe da Nasarawa, kuma a wannan rabon ne ƙananan hukumomin Kano suka cika 44. Sai babbar hujja, wato PTF, asusun rarar kuɗin man fetur da Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta daga 1995. Wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna allunan PTF a bakin hanyoyi da makarantu, da magunguna masu tambarinta a asibitocin gwamnati. Talaka ya ga wannan da idonsa, kuma abin da ido ya gani ba a goge shi da lacca.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka nauyi a zuciyar mutumin karkara a yau, wato kwanciyar hankali. A wancan lokacin mutum yana iya tasowa daga Malumfashi da dare ya biyo ta Dayi ya shigo Gwarzo, abin da zai ji tsoro bai wuce ɗan fashi ko ramin hanya ba. Yau ƙauyukan da ke kan iyaka da Katsina suna kwana da ido ɗaya a buɗe. Wanda yake cikin wannan hali idan ya ce jiya ta fi yau, ba ƙarya ya yi ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai dai kowace daga cikin waɗannan hujjoji tana da ɗaya gefen da ba a cika juyowa ba. Ɗauki PTF. Kuɗinta daga aljihun jama'a suka fito. Litar fetur tana naira uku da kwabo ashirin da biyar, a watan Oktoba 1994 aka mayar da ita naira goma sha biyar, da aka yi ca sai aka sauko da ita sha ɗaya. Daga wannan ƙarin, wanda ya ninka farashi fiye da sau uku, aka riƙa zuba wa PTF kuɗi. Mai motar haya da ke jigila tsakanin Kano da Gwarzo, da manomin da ya ɗora buhun masara zuwa kasuwa, su suka biya kuɗin kwaltar da aka shimfiɗa. An yi aiki da kuɗin, wannan abin yabo ne. Amma ba kyauta ce daga taskar wani ba. Bayan an rushe hukumar a 1999 ma, kwamitin riƙon da Dakta Haruna Adamu ya jagoranta ya yi zargin cewa an yi almubazzaranci da kimanin naira biliyan 25 ta hannun kamfanin da ke kula da kwangilolinta.

Fetur ɗin na naira sha ɗaya kuma a takarda ya fi samuwa. A 1997 da 1998 ƙasar nan ta sha ƙarancin mai irin wanda direbobi ke kwana biyu ko uku a layi, 'yan bumburutu suna sayar da galan a farashin da suka ga dama. Matatun mai, har da ta Kaduna, sun durƙushe saboda rashin gyara, aka koma shigo da tataccen mai daga waje ta hannun 'yan lele. Manya za su tuna wani fetur mai wari da aka shigo da shi a shekarun nan, wanda ke sa mutane ciwon kai.

Zancen saukar hauhawar farashi shi ma yana son bayani, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa kaya ne suka yi araha. Ba haka abin yake ba. Idan aka ce hauhawa ta sauko daga kashi 73 zuwa kashi tara, ana nufin kaya suna ci gaba da tashi, gudun ne kawai ya ragu. Kwanon da ya tashi daga naira goma zuwa talatin bai dawo goma ba, ya dai daina tsalle. Albashin ma'aikaci kuwa yana nan inda yake, malamin firamare yana karɓar abin da ba zai kai shi tsakiyar wata ba. Alƙaluman ofishin ƙididdiga na gwamnatin tarayya da kanta sun nuna cewa masu fama da talauci sun tashi daga kusan kashi 43 cikin ɗari a 1992 zuwa kusan kashi 66 a 1996. A 1997 aka janye tallafin takin zamani gaba ɗaya, amfani da taki ya ragu ƙwarai a faɗin ƙasa, kuma babu wanda ya fi jin wannan a jikinsa kamar mai noman masara da dawa irin na ƙasar Gwarzo da Kabo, inda gona ba ta ba ka sai ka ba ta. A wannan shekarar kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi daga waje, abin da ya ƙara wa masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa ciwo a kan wanda suke fama da shi tun zamanin Babangida.

Sai dalar naira ashirin da biyu, wadda ita ce aka fi yi wa kuka da kewa. Mai karatu, tambayi duk ɗan canjin da ya daɗe a Wapa ko ya taɓa sayar wa wani dala a wannan farashi a 1996. Farashi biyu ake da shi. Na gwamnati naira 22, na kasuwa kuwa sama da naira tamanin. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da mai shigo da kayan gyaran mota a farashin kasuwa suke saye. Na ashirin da biyu na gwamnati ne da wanda gwamnati ta ga dama. Duk wanda ya samu dala miliyan ɗaya a farashin gwamnati ya juya ya sayar a kasuwa, ya ci ribar kusan naira miliyan sittin bai ɗaga ko tsinke ba. Wannan tsari ya azurta mutane ƙalilan, kuma sai a farkon 1999 aka soke shi.

To, yanzu mu zo kan kuɗin da ake ta dawowa da su. Ta yaya suka fita?

Bayani mafi filla-filla yana cikin ƙarar da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta shigar a wata kotun tarayya da ke Washington, wadda aka bayyana wa duniya a watan Maris 2014. Ƙarar ta ce tsakanin 1994 da 1998 ofishin mai ba da shawara kan tsaro ya rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙu fiye da sittin, kowace tana neman a fitar da miliyoyin daloli ko fam na Ingila saboda wata buƙatar tsaro ta gaggawa da ba a fayyace ba. Alhaji Isma'ila Gwarzo ke sa hannu, Abacha ya amince, a miƙa wa Babban Bankin Najeriya. Ba a bi ta hannun ministan kuɗi da babban akanta na ƙasa kamar yadda ƙa'ida ta tanada ba. Mafi yawan kuɗin tsaba ake fitar da su, a ɗure a jakunkuna a kai gidan shugaban ƙasa, daga nan, in ji ƙarar, ɗansa Mohammed Abacha da abokin hulɗarsa Abubakar Atiku Bagudu su san yadda za a yi su tsallaka zuwa bankunan waje. Abin da ya fita ta wannan ƙofa kaɗai ya haura dala biliyan biyu.

Biliyan biyu lamba ce da ba ta shiga kai da sauƙi, saboda haka mu kawo ta gida. A ƙidayar 2006 mutanen ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo a haɗe ba su kai dubu 340 ba. Da za a raba musu wannan kuɗi, tsoho da jariri, mace da namiji, kowa zai tashi da kusan dala dubu shida. Kuma a tsakiyar shekarun da ake ɗura jakunkunan nan ne, a 1996, annobar sanƙarau ta ratsa Arewa ta kashe mutum fiye da dubu goma sha ɗaya, yawancinsu yara, Kano na cikin inda abin ya fi tsanani, asibitoci suka cika har ana kwantar da marasa lafiya a ƙasa. Duk lokacin da na haɗa waɗannan abubuwa biyu a raina sai in kasa samun uzurin da zan ba kowa.

Akwai ƙofa ta biyu. Najeriya tana da tsohon bashin wani kamfanin Rasha da ya yi aikin masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta. A 1996 wani kamfani mai suna Mecosta, wanda ƙarar ta ce na Mohammed Abacha da Bagudu ne, ya sayi takardun bashin da rahusa, sannan ya sayar wa gwamnatin Najeriya a kan ninkin abin da ya biya. Ribar da aka ci ta haura dala miliyan 282. Ƙofa ta uku ita ce ta matsa wa kamfanonin da ke bin gwamnati kuɗin aiki, irin su Dumez na Faransa, cewa ba za a biya su ba sai sun yarda su mayar da wani kaso. Ya kamata a fahimci cewa wannan ƙara ta Amurka a kan dukiyar aka shigar da ita, ba shari'ar ɗaure mutane ba ce. A watan Agusta 2014 alƙali ya yanke hukuncin ƙwace fiye da dala miliyan 480. Bagudu ya daidaita da gwamnatin Najeriya tun 2003, aka mayar da kimanin dala miliyan 163 ba tare da ya amsa laifi ba, daga baya ya zama sanata, ya yi gwamnan Kebbi shekara takwas, ya zama ministan kasafin kuɗi a 2023.

Nan ne masu cewa ajiya ce suke shigowa. Hujjarsu ita ce Turawa sun ƙaƙaba wa Najeriya takunkumi, Abacha ya ji tsoron kada a riƙe dukiyar ƙasa, shi ya sa ya ɓoye ta da wasu sunaye. Manjo Hamza Al-Mustapha, babban dogarinsa, ya sha faɗin magana mai kama da wannan. Mu auna ta da hankali irin na kasuwa.

Takunkumin da aka sa wa Najeriya bayan 1995 na hana manyan sojoji biza ne, da hana sayar mata da makamai, da dakatar da wasu tallafi da wasanni. Ba a hana sayen man fetur ɗinta ba, ba a kuma taɓa asusunta ba. Dala biliyan bakwai ɗin nan da ake yabon Abacha da tarawa a bankunan waje take zaune da sunan Babban Bankin Najeriya, babu wanda ya ɗauki ko sisi. Idan ta halal mai sunan ƙasa ta kwana lafiya, me ya sa sai wata aka canja wa suna? Sannan ina aka kai ajiyar? Suwizalan, Landan, tsibirin Jasi da ke ƙarƙashin masarautar Ingila, Lukzambur, Faransa, Amurka. Hukumar da ke sa ido kan bankunan Ingila ta gano a 2001 cewa kimanin dala biliyan ɗaya da miliyan ɗari uku sun ratsa ta asusu 42 a bankunan Landan. Wanda yake tsoron kura ba ya kai mata ajiyar nama. Kuma asusun ba da sunan Najeriya aka buɗe su ba. Da sunayen 'ya'ya da abokai aka buɗe su, da kamfanonin da ba su da ofis ba su da ma'aikaci, irin su Doraville.

Abin da ya fi yanke musu a wurina shi ne halin da aka nuna bayan rasuwar. A ƙasar Hausa idan mutum ya rasu da ajiyar wani a hannunsa, magada na gari su suke kiran mai kaya su ce ga amanarka. Nan kuwa shekara fiye da ashirin aka yi ana shari'a a ƙasa bayan ƙasa, ana ɗaukar manyan lauyoyi don a hana kuɗin dawowa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta yarda iyalan su riƙe dala miliyan ɗari su saki kimanin biliyan ɗaya, maganar ta rushe saboda Mohammed Abacha ya ƙi sa hannu.

Wasu kan ce duk ƙiyayyar Obasanjo ce, tunda Abacha ya ɗaure shi. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Wanda ya fara bincike Janar Abdulsalami Abubakar ne, ɗan Arewa, soja, babban hafsan tsaron Abacha wanda ya gaje shi a mulki. Makonni kaɗan bayan rasuwar ya kafa kwamitin bincike na musamman, aka tsare Alhaji Isma'ila Gwarzo aka yi masa tambayoyi. Ranar 26 ga Mayu 1999, kwana uku kafin ya miƙa mulki, Abdulsalami ya sa hannu a Dokar Soja mai lamba 53, wadda ta ƙwace fiye da dala miliyan 600 da fam miliyan 75, tare da gidaje da filaye, kuma sunan Isma'ila Gwarzo yana cikin waɗanda dokar ta lissafa. Janar Buhari, wanda a taron cika shekara goma da rasuwar Abacha a Kano a 2008 ya ce zargin satar ba shi da tushe, gwamnatinsa ce ta karɓi dala miliyan 322 daga Suwizalan a ƙarshen 2017, ta kuma karɓi miliyan 311 daga Jasi da Amurka a 2020, a bisa yarjejeniyoyin da suka kira kuɗin dukiyar da aka sace.

Irin wannan ɗiba ba ta yiwuwa sai an rufe bakin mutane, kuma a nan ne tattalin arziki da siyasa suke haɗuwa. Mu a Arewa mun saba ɗaukar zaluncin wancan zamani kamar rigimar Yarabawa ce da mutanen Neja Dalta: tsare Abiola a 1994 har ya mutu a tsare, harbe matarsa Kudirat a Legas a watan Yuni 1996, rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas ranar 10 ga Nuwamba 1995, wanda ya jawo aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Amma wutar ba ta tsallake gidanmu ba. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Bakatsine, a kurkukun Abakaliki ya rasu a watan Disamba 1997. A watan Afrilu 1996 aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi aka kai shi gudun hijira. Bagauda Kaltho, ɗan jarida da ke aiki a Kaduna, ya ɓace a 1996, iyalansa ba su sake ganinsa ba. Da Abubakar Rimi da Sule Lamido suka shiga cikin 'yan siyasar Arewa goma sha takwas da suka rubuta wa Abacha cewa kada ya tsaya takara, kama su aka yi a 1998. A watan Afrilun wannan shekarar jam'iyyu biyar ɗin da gwamnati ta yi wa rajista duk suka tsayar da mutum ɗaya, shi Abacha. Kalmar “tazarce” da muke amfani da ita yau, har da rigar da ake kira da sunan, daga nan ta samo asali. A ƙasar da Sarkin Musulmi bai tsira ba, wane akawun Babban Banki ne zai ce wasiƙar nan ba ta cika ƙa'ida ba?

Na san abin da wani dattijo zai ce: mutum ya riga mu gidan gaskiya, a bar shi da Ubangijinsa, a ambaci alherinsa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, kuma ina roƙon Allah Ya gafarta wa duk musulmin da ya rasu. Amma mu ɗin nan ne idan aka ajiye gawa za a yi mata salla, sai a yi shela ko akwai mai bin mamacin bashi, kuma ba a raba gado sai an biya. Ba don a tozarta shi ake yi ba, don a sauke masa nauyi ne. Dukiyar baitulmali haƙƙin maraya ce da mai naƙuda da ɗan makaranta, kuma babu wanda yake da ikon yafe ta a madadinsu. Haka nan kasancewar mutum ɗan garinmu, ko ya taimaki wasu daga cikinmu da aiki ko kujerar Makka, ba ya sauya lissafi. Ana iya girmama dattijo a gaishe shi, a kuma faɗi abin da takarda ta ce.

Abin da ya fi damuna ma yanzu shi ne inda kuɗin suka shiga bayan sun dawo, domin musun sata ko ajiya ya ɗauke mana hankali daga wannan tambaya. Jimillar abin da aka karɓo tun 1998 ta haura dala biliyan uku da rabi. Kimanin dala miliyan 500 da Suwizalan ta saki a 2005 da 2006 an ce an zuba su a hanyoyi da lantarki da asibitoci da makarantu da ruwan sha, amma binciken da Bankin Duniya ya yi tare da ƙungiyoyin farar hula ya tarar da ayyukan da ba a gama ba, da waɗanda aka riga aka yi kafin kuɗin su iso. A farkon 2015, zamanin Jonathan, an miƙa kimanin dala miliyan 322 na kuɗin Abacha ga ofishin mai ba da shawara kan tsaro, Kanar Sambo Dasuƙi, don sayen makamai, kuma kowa ya san shari'ar da ta biyo bayan kuɗin makamai. Kuɗin da suka fita da sunan tsaro sun dawo sun sake shiga ofishin da suka fita ta cikinsa. Na 2017 su aka riƙa raba wa gidajen talakawa naira dubu biyar a wata, Kano na cikin jihohin da aka raba, kuma har yau ana gardama kan yadda aka zaɓi sunaye. Na 2020 an ware su ne ga manyan ayyuka uku: hanyar Legas zuwa Ibadan, gada ta biyu a kan kogin Neja, da hanyar Abuja zuwa Kano. A watan Yuli 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, ta umarci gwamnati ta bayyana dalla-dalla yadda aka kashe kuɗin Abacha tun daga zamanin Obasanjo.

Ƙofar da aka bi kuma har yau a buɗe take. Kuɗin tsaro, wanda shugaba ke kashewa ba tare da ya kawo rasit ba, bai mutu da mulkin soja ba. Gwamnoni suna karɓa, shugabannin ƙananan hukumomi ma suna da nasu. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa abin da ake kashewa ta wannan hanya a Najeriya ya kai kimanin dala miliyan 670 a shekara. Yanzu da matsalar tsaro ta matso kusa da mu, za a ƙara fitar da kuɗi da wannan suna, kuma za a ƙara ce mana sirri ne, ba a tambaya.

Saboda haka, 'yan uwana mutanen Gwarzo da Kabo, daga Getso da Kutama da Lakwaya har Garo da Durun da Godiya, kujera ɗaya muke da ita a Majalisar Wakilai ta tarayya, muna da 'yan majalisar jiha, muna da shugabannin ƙananan hukumomi biyu. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai da ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi lissafi, kuma ta wajabta a amsa masa cikin kwana bakwai. Ƙungiyoyin ɗalibai da na ci gaban gari su rubuta. Idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, kafin ya raba atamfa da taliya, a tambaye shi nawa ne daga cikin kuɗin da aka dawo da su ya iso mazaɓarmu, su wa aka ba, kuma nawa ake cirewa duk wata da sunan tsaro.